A Wane Gurbi Ake Saka "Mun Gode Allah"?

Jama'a, ina gajiya?

Kun dai ji da kunnuwanku. Zaure guda, baki ɗaya, kun ce ba gajiya. Tun ƙarfe tara kuke zaune a kan kujerun nan, an yi jawabi biyar, an haska muku jadawali a bango har idanunku sun kaɗa, na ga wani bawan Allah a layi na uku kansa ya tafi sau biyu ya dawo, amma da na tambaya sai kuka ce ba gajiya. To ku gaya mini, in yanzu na ciro na'urata na rubuta cewa kashi ɗari bisa ɗari na mahalarta taron nan ba su gaji ba, saboda haka a soke hutun cin abinci, gaskiya na rubuta ko zaluntarku na yi? Ku riƙe wannan tambayar a hannunku har in gama magana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, Alhaji Uthman, mai girma daraktan shirin ruwan sha na ƙungiyarmu, Oga James, shugabata a sashen bincike, Dokta Nafeesa, wakilan ma'aikatu da hukumomi, iyayenmu masu unguwanni da iyayenmu mata da suka taso tun daga ƙasar Kwali, 'yan jarida, 'yan'uwana mataimakan masu bincike da ke can kujerun baya kusa da ƙofa, inda aka saba ajiye mu, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo Utako yau domin ƙaddamar da wannan rahoto, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, babba da girmansa, ƙarami da darajarsa.

Ina godiya ga shugaban taro da ya ba ni minti goma. Ina godiya ga wanda ya rubuta mini jawabin da aka ce in karanta. Takardar tana aljihuna, Hausarta tsaf, babu kuskure ko ɗaya a cikinta, kuma ba zan karanta ta ba. Duk wanda yake son jin ta ya same ni a waje in ba shi kyauta.

Sunana Lukmanu. Ba ni da digiri, gara in faɗa da bakina kafin wani ya raɗa wa na kusa da shi. Bokona ya tsaya a sakandare, sauran karatun a kasuwar nan ta bayanmu na yi shi, a shagon kawuna, tsakanin mai saye ɗaya da wani. Rahoton farko na ƙungiyar raya ƙasa da na taɓa karantawa, tsire aka naɗo mini a ciki. Shafi ɗaya ne, mai ya cinye rabinsa, amma na ga an rubuta cewa an tambayi mata ɗari uku a wasu ƙauyuka, an ji abin da suka ce, an kuma gina musu asibiti saboda abin da suka ce. Na koma wurin mai tsire na ce ya ba ni sauran shafukan. Ya dube ni ya ce, "Kai nama ka zo saye ko takarda?" Tun ranar na ƙudurta cewa in dai akwai aikin da ake biyan mutum domin ya saurari talaka ya kai maganarsa inda za ta yi amfani, to ni wannan aikin nake so. Allah ya ba ni. Shekarata uku a cikinsa, kuma har gobe ban raina shi ba.

Abu na farko da zan faɗa shi ne mene ne aikin namu, domin da yawa a zauren nan sun san rahoto amma ba su san yadda ake haifar sa ba. Ana tsara tambayoyi da Turanci a wani ofis mai nisa. Ana fassara su. Ana zuba su a kwamfutar hannu, a rataya mana a wuya, a ce gida ashirin da biyar a rana. Mu ne muke sauka daga mota inda kwalta ta ƙare. Mu ne muke yin sallama a ƙofar gida, mu ne kare yake wa haushi, mu ne ake shimfiɗa wa tabarma. Dokta ba ta ga fuskar matar da ta amsa tambayar ba, darakta bai ji muryarta ba, mai ba da tallafi a ƙasar waje bai ma san da ita ba. Duk abin da za su sani game da ita, ta ɗan yatsan nan nawa zai bi. Ita ta yi magana, ni na danna gurbi, gurbin ya zama lamba, lambar ta zama jadawalin da kuka gani a bango, jadawalin kuma shi ya nuna wa motar haƙa rijiya hanya. In yatsana ya karkace, motar ta karkace. Wannan shi ne mataimakin mai bincike. Sunansa ba ya bangon rahoto, amma hannunsa yana cikin kowane shafi.

Abu na biyu laifi ne, kuma nawa ne, don haka kada kowa ya gyara zama yana neman wanda zan nuna.

A shafi na goma sha bakwai na rahoton da ke cinyoyinku akwai sunan wani ƙauye a bayan Yangoji, Kurmin Gwaza. An rubuta cewa kashi tamanin da tara cikin ɗari na gidajensa sun gamsu da ruwan da suke samu. Saboda wannan layin, tun rahoton yana daftari, aka tsallake su a zagayen farko na gyaran rijiyoyin burtsatse. Ni na tattaro wannan lambar. Tambayar da aka ba ni ita ce: "Shin kin gamsu da ruwan da kike samu?" Gurbi uku ne a ƙarƙashinta: na gamsu, ban gamsu ba, ban sani ba. Gidan farko da na shiga na wata dattijuwa ce, Mama Christina. Na karanta mata tambayar, ta ce, "Mun gode Allah." Na dubi na'ura, babu gurbin mun gode Allah. Na sake tambaya, ta sake cewa, "Ai mun gode Allah, yarona." Rana tana tafiya, saura gida ashirin da huɗu. Na danna ta gamsu. Gida na gaba matar Musulma ce, ta ce, "Alhamdulillahi." Na danna ta gamsu. Haka na bi ƙauyen nan gida-gida, masu zuwa coci suna gode wa Allah, masu zuwa masallaci suna gode wa Allah, ni kuma ina bin su ina mayar da godiyarsu takardar sallama.

Kuma ba wai ban sani ba. Ni Bahaushe ne. Na taso a gidan da mahaifiyata za ta kwana da zazzaɓi, maƙwabciya ta leƙo ta ce yaya jiki, ta ce da sauƙi. Na san "da sauƙi" ba rahoton likita ba ne. Na ga bohol ɗin ƙauyen, wato rijiyar burtsatsensu, da idona, ciyawa ta rufe bakinsa, awaki suna kwana a kan dakalinsa. A ƙasan fom akwai wani ɗan fili da aka rubuta ƙarin bayani, a nan na rubuta sau uku cewa famfonsu ya mutu shekara biyu. Sai na ce wa zuciyata na sauke nauyi. Ashe kwamfutar da ke haɗa lissafi lamba take ci, ba ta cin jimla. Abin da na danna ya tafi har ƙasar waje, abin da na rubuta ya mutu a hanya.

Bayan wata takwas wani aikin ya sake kai ni Kurmin Gwaza. Kafin nan motar haƙa ta riga ta bi ta gaban ƙauyen ta wuce, yara suna bin ta da gudu suna tsammanin tasu ce. Mai unguwa ya bi sawu ya tambaya, aka ce masa takarda ta nuna su ba su da matsala. Ina sauka Mama Christina ta gane ni. Tana zaune da wasu mata suna fere doya.

Ta ce, "Ɗan fom, ka dawo?"

Na ce, "Na dawo, Mama."

Ta ce, "Zauna tukuna ka sha ruwa, ka sha hanya."

Ta shiga ta ɗebo mini a kofin silba. Jama'a, ruwan da suke wanke doyar a ciki da wanda ke kofin, da za a jera su ba zan iya rantsuwa a kan wanne ne wanne ba. Matan duk sun daina fira, sun zuba mini ido. Uwa ta ba ka ruwa a gidanta, yaya za ka yi? Na rufe ido na kurɓa, na ji ƙasa a haƙorina, na ajiye kofi, kuma kafin in ankara bakina ya riga ya ce, "Alhamdulillahi."

Sai ta tafa hannu ta juya wurin matan ta ce, "Kun ji ko? Ya gamsu. A rubuta masa."

Suka yi ta dariya har wata ta yar da wuƙarta. Ni ban yi dariya ba, ƙasa nake nema ta tsage. Da suka lafa sai ta ce da ni, a irin Hausarta ta mutanen wajen, "Yarona, ruwan nan ita muna sha, ita jikokina suna sha. Amma kai ka zo ranar farko, ban san uwarka ba, ban san ubanka ba, ka tsaya da abu a wuya kana sauri. In fara maka kuka a ƙofar gida? Mun tashi da rai, na gode. Allah na gode wa, ba rafi ba."

Allah ta gode wa, ba rafi ba. Na karanta littattafai da dama a kan yadda ake bincike, wasu na saye su a gindin gada, wasu aro na yi ban mayar ba, Allah ya yafe mini. Babu ɗaya da ya koya mini abin da wannan baiwar Allah ta koya mini da kofi ɗaya.

Yanzu ga abin da ya sa ban zo nan da baƙin rai kaɗai ba. Da na koma ofis na shiga wurin Dokta Nafeesa na faɗa mata komai, ina tsammanin takardar kora. Ta buɗe ainihin bayanan da na turo, ta nemo ƙarin bayanin nan nawa guda uku, ta karanta su a fili. Sai ta ce, "Lukmanu, me ya hana ka zuwa ka gaya mini da baki?" Na ce, "Ranki ya daɗe, ranar da kuke mitin ɗin duba sakamako, ni aka tsayar a ƙofa ina raba takardar sa hannu." Ba ta kare kanta ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin nan. Ta ba mu mota da kwana uku, ni da abokiyar aikina Saudatu, ta ce mu koma mu tambaya kamar 'ya'yan mutane.

Saudatu ce ta gyara aikin, a ba ta haƙƙinta. Ita ba ta ciro na'ura sai gaisuwa ta ƙare, kuma kun san tamu gaisuwar ba ta gajarta: gida, yara, gona, ruwan sama, mai jiki. In mace ta ce mun gode Allah, sai Saudatu ta ce, "Godiya ta tabbata a gare shi, Mama. To bayan godiyar fa?" Nan bakin yake buɗewa. Ta jefar da maganar gamsuwa gaba ɗaya. Sai ta ce: jiya a ina kika ɗebo ruwa? Da kika fita, rana tana ina, da kika dawo tana ina? Mu ga randar. Yaro nawa ne ya yi gudawa tun shigowar damina? Ba wanda zai amsa waɗannan da Alhamdulillahi kaɗai. Gida arba'in da huɗu muka shiga, arba'in da ɗaya daga rafi suke sha. Mutanen nan dai su ne, ƙauyen shi ne, harshen shi ne. Tambayar ce kawai ta koyi ladabi.

Don haka kada wani ya fita daga nan ya ce yaron nan ya ce bincike ƙarya ne, ƙungiyoyi yaudara ce. Ban faɗa ba, kuma wanda ya faɗa a gabana sai mun yi. Ƙauyuka goma sha biyu aka gyara wa rijiya a zagayen farko, na sha ruwan bakwai daga ciki, garau yake, na ce Alhamdulillahi kuma a wannan karon har da famfon nake nufi. Na ga mata da suke kashe safiyarsu a hanyar rafi yanzu suna kasa kaya a bakin titi. Aikin nan yana yi. Abin da yake ƙona mini rai shi ne yana iya fin haka, kuma abin da ya rage ba wani abu mai tsada ba ne, kunne ne.

Abu na uku roƙo ne, ko da yake kun ji muryata ba ta iya roƙo ba.

Ku rage mana gidajen da muke shiga a rana. Wanda ya yanke ashirin da biyar bai taɓa gaida tsohuwa ba. Gaisuwa a wurinmu ba ɓata lokaci ba ce, ita ce ƙofa, kuma wanda ya tsallake ta abin da ake faɗa wa baƙo kawai zai ji.

Ku zaunar da mu a tebur sau biyu: ranar da ake tsara tambaya, da ranar da ake fassara amsa. Ba kujerar Dokta muke nema ba, ita ta san lissafin da ban sani ba, kuma ina son in koya. Amma ni na san abin da "ba komai" take nufi in an faɗe ta ana kallon ƙasa. Saudatu ta san wane gida ne matar ba za ta yi magana ba sai surukarta ta tashi. Waccan 'yar'uwar tamu ta kujerar ƙarshe tana jin harshen Gbagyi, ta san inda Hausar mai amsa ta ƙare, kunya ta karɓa. Wannan ma ilimi ne. Kun ɗauke mu aiki saboda shi, sannan kuka bar shi a ƙofa yana raba takarda.

Sannan kafin a buga kowane rahoto, a koma ƙauyen a karanta wa mutanensa abin da aka ce sun ce, da harshen da suke ji, a gindin bishiyar da suke taruwa. Da an karanta wa mutanen Kurmin Gwaza shafi na goma sha bakwai, dariyar da suka yi mini ni kaɗai da sun yi mana ita tun kafin a kai takarda maɗaba'a, kuma da ta fi mana arha.

Ku kuma 'yan'uwana na kujerun baya, kada ku ji daɗi da yawa, akwai naku. Mun iya gunaguni a cikin mota, mun iya zagin fom a wurin mai shayi, amma in an shiga ofis sai mu zama kurame. Mu ma fa haka muke yi: Oga ya ce yaya aikin ƙauye, mu ce lafiya lau. Ciwon da muka gano a ƙauye yana jikinmu. In gurbi bai dace da maganar mutum ba, kada ka danne mutumin ya shiga gurbin. Ɗaga waya, buga ƙofa, tsaya a gaban tebur har a ɗago a dube ka. Ni na yi shiru sau ɗaya, ƙauye guda ya ƙara wata takwas a rafi.

Ina roƙon Allah ya sa albarka a wannan taro da waɗanda suka haɗa shi. Allah ya saka wa masu ba da tallafi, na nesa da na kusa. Allah ya ba shugabanninmu kunnen ji, ya ba mu bakin faɗa, ya tsare yatsunmu daga danna abin da ba shi ne ba. Iyayenmu da suka sha hanya, Allah ya mayar da ku gida lafiya, lafiyar gaske, ba ta gaisuwa ba. Shugaban taro, na ci mintina goma na ci na wani, a yi mini afuwa. Na gode muku ƙwarai da kuka saurare ni.

Amma ba zan ajiye makirufo a kan tebur ba, akwai hannun da zan danƙa wa.

Oga James, ranka ya daɗe. Ranar Juma'ar nan za ka sa hannu a jerin ƙauyukan zagaye na biyu, kuma kowa a ofis ya san shi ne na ƙarshe a ƙasar Kwali, daga shi shirin zai tattara ya koma wata jiha. Sakamakon da muka sake tattarowa ni da Saudatu ya yi sati uku a teburinka da sa hannun Dokta. Jerin da na gani jiya babu Kurmin Gwaza a ciki, domin har yanzu shafi na goma sha bakwai ake bi. Kai ɗan Kafanchan ne, Hausarka ta fi tawa, ba ka bukatar tafinta. Kuma na sha kunu a gidanka ranar sunan 'yarka, na san kai ba mugu ba ne, aiki ne ya yi maka yawa.

Mama Christina tana nan. Ga ta can a layi na biyar da shuɗin ɗankwali, ta biyo tawagar mai unguwa. In ka tambaye ta yaya hanya, za ta ce maka lafiya lau, alhali na ga motar da ta kawo su. Don haka kada ka tambaye ta komai, yau ita ce mai tambaya, ni mataimakinta ne kawai.

Na kuma roƙe ka abu ɗaya: kada ka ce "za mu duba." Na yi shekara uku a ofis, na gane cewa "za mu duba" ita ce "mun gode Allah" ta masu kwat. Yau ni na tsara fom ɗin, gurbi biyu ne kacal a cikinsa, kuma ba zan danna maka ko ɗaya ba, na tuba da wannan. Da bakinka za ka cika shi, a gaban jama'ar nan, a gaban matar da ta ba ni ruwa.

Kurmin Gwaza zai shiga jerin Juma'a, ko ba zai shiga ba?

Ga makirufo, ranka ya daɗe. Muna jira.